Hantar ɓera da cututtukan da ke yawo a jini: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da masu fara aiki da dabbobin gwaji suke yawan maimaitawa idan aka zo batun abin da ke samun ƙwayoyin garkuwar hanta bayan farasayit, wato halittar da ke rayuwa a jikin wata tana cutar da ita, ya shiga jinin ɓera. An faro daga masu sauƙi. Wanda ya riga ya san aikin hanta yana iya tsallake biyun farko.

Me ya haɗa hanta da cutar da ke cikin jini?

Jinin ne ya haɗa su. A jikin mutum, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke bugawa ta hanta yake bi, kuma tsarin bai canja sosai ba a jikin ɓera. Ta hanyoyi biyu yake shiga: babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji da saifa, wadda ita ke kawo mafi yawansa, sai kuma jijiyar da ke kawo jini mai iska daga zuciya. Da ya shiga sai ya rarrabu cikin wasu 'yan siraran hanyoyi da ake kira sinusoyid, inda gudunsa ke raguwa ƙwarai. Wannan tafiyar hawainiya ita ke ba ƙwayoyin garkuwa damar duba abin da ke wucewa. Hanta kamar rariya take a bakin jini: duk abin da ke yawo a ciki, ko ba jima ko ba daɗe sai ya zo ya bi ta kanta.

Waɗanne ƙwayoyin garkuwa ne ke zaune a hanta?

Waɗanda suka fi shahara su ne ƙwayoyin Kupffer. Suna daga dangin makrofej, wato ƙwayoyin da aikinsu haɗiye baƙon abu da tsofaffin ƙwayoyin jini. Ba a cikin naman hanta suke ba, a cikin hanyoyin jinin suke, manne da bango, sun miƙa rassansu cikin jinin da ke gudana. Sun ci sunan masanin ƙirar jiki ɗan Jamus Karl Wilhelm von Kupffer, wanda ya bayyana wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro a hanta a 1876. Abin dariya, daga baya an gano cewa yawancin abin da ya gani a lokacin ba su ba ne, wasu ƙwayoyi ne daban masu ajiye bitamin A. Tadeusz Browicz ne ya fayyace masu haɗiyar a 1898, amma suna ya riga ya bi Kupffer. Waɗancan masu siffar tauraro za su sake fitowa a amsar da ta shafi tsargiya.

Ban da ƙwayoyin Kupffer akwai wasu fararen ƙwayoyin jini masu aikin garkuwa: ƙwayoyin NK da NKT, waɗanda suke da yawa a hantar ɓera, da ƙwayoyin T, da kuma baƙi masu zuwa idan an kira su, wato nutrofil da monosayit daga ɓargo. Abu guda da ya kamata a riƙe tun yanzu shi ne asalin ƙwayoyin Kupffer. Tun ɓera yana ɗan tayi suke tarewa a hanta, kuma su ke sabunta kansu ta hanyar rabuwa biyu. A lokacin lafiya ba sa dogara da ɓargo. Cuta ce ke rushe wannan tsari.

Waɗanne farasayit ake sa wa ɓeraye a irin wannan bincike?

Uku ne suka fi yawa. Na farko Trypanosoma, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, mai haddasa sammore a shanu da ciwon barci a mutane. An fi amfani da T. brucei brucei da T. congolense. Waɗannan ba sa ɓuya cikin ƙwayar jini, a fili suke ninƙaya. Na biyu Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Wanda ke kama mutum ba ya kama ɓeran gwaji, don haka ake amfani da na ɓerayen daji: P. berghei, wanda Ignace Vincke da Marcel Lips suka bayyana a 1948 daga yankin Katanga na ƙasar Kwango, da P. yoelii da P. chabaudi. Na uku Schistosoma mansoni, tsutsar tsargiya ce da ke zama a jijiyoyin jinin hanji.

Akan haɗa da Leishmania donovani, wanda shi cikin ƙwayoyin Kupffer ɗin ma yake shiga ya zauna. Kowannensu da irin ɗaukar da yake yi wa hanta, saboda haka kuskure ne a karanta sakamakon ɗaya a ɗora wa ɗaya.

Yaya ƙwayoyin Kupffer ke kama Trypanosoma alhali yana gudu?

Tun farkon shekarun 1980 aka yi wa waɗannan farasayit alama aka zuba su a jinin ɓerayen da suka riga suka sami garkuwa, aka tarar mafi yawansu a hanta suke ƙarewa, ba a saifa ba kamar yadda mutum zai zata. Daga baya, da aka sami na'urar da ke leƙa hantar ɓera yana raye, an ga abin ido da ido: farasayit na tafe cikin sinusoyid, sai ya maƙale a jikin ƙwayar Kupffer, ya yi ta wutsil-wutsil, a haɗiye shi.

Ba haka kawai yake maƙalewa ba. Akwai wasu furotin a jini da ake kira kwamfiliment. Ɗaya daga cikinsu, C3, yana lulluɓe jikin farasayit, ita kuma ƙwayar Kupffer tana da wani maƙali a fatarta mai suna CRIg wanda ke cafke wannan lulluɓi. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa ɓerayen da aka cire musu CRIg ba sa iya rage T. congolense a jininsu yadda ya kamata, kuma suna mutuwa da wuri. Bayan 'yan kwanaki da kamuwa, sinadaran garkuwa na antibodi, musamman IgM, suna fitowa su ƙara wa aikin ƙarfi, shi ya sa ake ganin yawan farasayit ya hau ƙololuwa sannan ya faɗo warwas cikin ɗan lokaci.

To in hanta na share su haka, me ya hana ɓeran warkewa?

Riga ce. Jikin Trypanosoma a rufe yake ruf da furotin iri ɗaya mai suna VSG, kimanin miliyan 10 a kan kowane farasayit. Antibodi na gane wannan riga ne. Amma T. brucei na da ƙwayoyin gado na VSG kusan 2,000, cikakku da guntaye, ɗaya kawai yake sawa a lokaci guda, kuma kullum akwai 'yan tsiraru da suka riga suka sauya. Hanta ta share masu tsohuwar riga, masu sabuwa su hayayyafa, a koma gidan jiya. Ƙari a kan haka, idan antibodi kaɗan ne suka manne masa, gudun da yake yi a ruwa yana tura su zuwa bayansa, ya haɗiye su.

Abin da wannan ke nufi ga hanta shi ne aiki ba hutu. Ƙwayoyin da aka tsara su yi yaƙi na kwana kaɗan su lafa, sai ga su cikin tashin hankali na makonni. Yawancin ɓarnar da za a ambata a amsoshi biyu na gaba daga nan ta samo tushe.

Da gaske ne ƙwayoyin Kupffer na mutuwa lokacin cutar? Wa ke maye gurbinsu?

Da gaske ne, kuma an gan shi a cututtuka fiye da ɗaya. Masu bincike a Singafo sun ba da rahoto a 2018 cewa a ɓerayen da aka sa wa P. yoelii, ƙwayoyin Kupffer na asali suna raguwa sosai a lokacin da cutar ta yi tsanani, sai monosayit daga ɓargo su cike wurin. An ga makamancin haka da Trypanosoma, kuma tun kafin nan an gan shi da bakteriyar Listeria.

Hanta ce da kanta ke yin kiran. Tana fitar da wani sinadari, CCL2, monosayit masu ɗauke da maƙalin CCR2 su amsa su baro ɓargo. Da farko mayaƙa ne masu zafi. Wasu su mutu a fagen, wasu su sami gurbin da ya zama fanko a bangon sinusoyid su zauna. A nan ƙwayoyin da ke kewaye da su suke aika musu saƙonnin da ke mayar da su ƙwayoyin Kupffer sannu a hankali, har su fara nuna alamar Clec4F wadda aka san na asali da ita. Wata alamar, Tim4, takan yi jinkirin fitowa, shi ya sa ake amfani da ita wajen rarrabe sabon zuwa da ɗan gida, ko da yake bayan lokaci mai tsawo wannan rarrabewa tana rikicewa. Ko sababbin suna aiki daidai da na da, duba amsar da ta yi magana kan bayan magani.

Wa ke lalata hantar: farasayit ko garkuwar jiki?

A cutar Trypanosoma, galibi garkuwar ce, kuma a ganina wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a duk shafin. Ƙwayoyin T suna fitar da wani sinadari, intaferon-gama, shi kuma ya zuga makrofej da monosayit su fitar da TNF, sinadarin da ke tayar da kumburi, da iskar naitirik oksayid. Waɗannan suna taimakawa wajen danne farasayit, amma ba sa tantance abokin gaba da maƙwabci. Ƙwayoyin hanta na mutuwa gungu-gungu, sinadaran ALT da AST da ke zubowa daga ƙwayoyin da suka lalace su hau a jini, hantar ta kumbura. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga kwatanta jinsin ɓeraye biyu. Da wani nau'in T. congolense, farin ɓera BALB/c yakan mutu cikin kwana 10 ko ƙasa da haka, baƙin ɓera C57BL/6 kuwa ya haura kwana 100. Idan aka toshe aikin IL-10, sinadarin da ke kwantar da kumburi, a jikin mai juriyar, sai ya mutu da wuri kamar ɗan'uwansa. Idan kuma aka rage intaferon-gama a jikin mai raunin, sai kwanansa ya ƙaru. Haka nan ɓerayen da ba su da CCR2, waɗanda monosayit ɗinsu ba sa iya fitowa daga ɓargo da yawa, hantarsu ba ta lalacewa kamar ta sauran.

Kada a ɗauka daga nan cewa kumburi sharri ne zalla. Ɓeran da ba shi da intaferon-gama kwata-kwata shi ma ba ya kai labari, farasayit ne ke cinye shi. Mai tsira shi ne wanda ya tayar da wuta da wuri sannan ya iya kashe ta a kan lokaci.

Mene ne alaƙar wannan da ƙarancin jini?

Makrofej da aka zuga ba ya tsayawa kan farasayit kaɗai. Yana haɗiye jajayen ƙwayoyin jini, har da waɗanda ba su tsufa ba, a hanta da saifa. Sannan sinadarin ƙarfen da ya tatsa daga cikinsu sai ya riƙe maimakon ya sake shi ɓargo ya ƙera sababbi. Asara ta zama biyu. Shi ya sa ɓera mai Trypanosoma kan ci gaba da rasa jini ko a lokacin da farasayit ya yi ƙasa, kuma shi ya sa ƙidayar farasayit kaɗai ba ta isa a ce dabba na samun sauƙi ba.

A maleriya fa? An ce farasayit ɗin a hanta yake fara zama.

Haka ne, don haka hanta sau biyu take haɗuwa da shi, kuma haɗuwar ba iri ɗaya ba ce. Ta farko ita ce lokacin da sauro ya zuba 'ya'yan farasayit, siforozoyit, suka bi jini suka iso sinusoyid. Dole su tsallake bango kafin su kai ga ƙwayoyin hanta. An daɗe ana ganin ta cikin ƙwayoyin Kupffer kaɗai suke ratsawa, amma hotunan hanta mai rai da aka buga a 2013 sun nuna suna bi ta ƙwayoyin bangon jijiya ma. Waɗanda aka nakasa musu ikon huda ƙwaya su wuce, ƙwayoyin Kupffer na cinye su. Wanda ya tsallake yakan yi kimanin kwana 2 a hantar ɓera, ya fito da dubban 'ya'ya. A mutum, P. falciparum kusan mako guda yake yi. Wannan mataki ba ya sa ciwo, amma a nan ne allurar rigakafi ta fi samun dama. A 1967 Ruth Nussenzweig da abokan aikinta suka nuna cewa siforozoyit na P. berghei da aka raunana da haske mai ratsa jiki suna kare ɓeraye, kuma a 2016 aka bayyana wasu ƙwayoyin T masu tuna cuta da ke zaune dindindin a sinusoyid suna sintiri.

Haɗuwa ta biyu ita ce bayan farasayit ya koma cikin jajayen ƙwayoyin jini. A nan hanta shara take kwasa: ƙwayoyin jini masu cuta, fasassu, da dattin farasayit. Mutuwar ƙwayoyin Kupffer da aka ambata a sama a wannan mataki take aukuwa.

Me ya sa hantar ɓera mai maleriya take yin baƙi?

Farasayit na cin himogilobin, wato furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, amma wani sashe nasa mai ɗauke da ƙarfe guba ne gare shi, sai ya dunƙule shi ya zama ƙananan duwatsu baƙaƙe da ake kira himozoyin. Wannan dunƙulewa ce maganin kulorokwin ke hanawa. Idan ƙwayar jini ta fashe, makrofej na hanta da saifa su ke haɗiye duwatsun, kuma ba sa narkewa da sauƙi. Ana samunsu a hantar ɓera watanni bayan cutar ta wuce.

Ba baƙi kawai suke sawa ba. Wani bincike da aka buga a 2022 da P. chabaudi ya danganta haɗiyar himozoyin da mutuwar ƙwayoyin Kupffer, ya kuma nuna cewa ɓerayen sun kasa share bakteriya daga jininsu yadda suka saba. Wannan ya yi daidai da abin da likitoci suka daɗe da sani, cewa yara masu maleriya sun fi saurin kamuwa da bakteriyar Salmonella a jini, ko da yake akwai wasu dalilan a gefe, kamar raunin nutrofil.

Tsutsar tsargiya ba ta zama a hanta. Ta yaya take ɓata ta?

Da ƙwai. Macen S. mansoni na saka ƙwai kimanin 300 a rana, tana farawa mako 5 zuwa 6 bayan ɓera ya kamu. Wasu su huda hanji su fita, da yawa kuma jini ya kwashe su ya kai hanta, su maƙale domin sun fi hanyar girma. Jiki sai ya kewaye kowane ƙwai da tarin ƙwayoyi, makrofej da ƙwayoyin T da wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna iyosinofil, abin da ake kira giranuloma. Yakan kai matuƙar girmansa wajen mako na 8, sannan waɗanda ke biyo baya su riƙa ƙanƙancewa. Yawancin makrofej ɗin da ke ciki daga monosayit suke, ba daga ƙwayoyin Kupffer na asali ba.

Salon garkuwar a nan ya sha bamban da na Trypanosoma. Sinadaran garkuwa na IL-4 da IL-13 ne ke jan ragama. Katangar giranuloma na da amfani, domin ɓeran da ba ya iya gina ta gubar ƙwai na kashe masa ƙwayoyin hanta. Amma IL-13 na tayar da waɗancan ƙwayoyi masu siffar tauraro, su bar ajiyar bitamin A su koma saƙa zaren kolajin, hanta ta cika da tabo, jini ya rasa hanya. An toshe IL-13 a ɓeraye an ga tabon ya ragu ƙwarai.

Idan aka ba da magani farasayit ya mutu, hanta na komawa yadda take?

A ido, sau da yawa e. ALT ya sauko, kumburi ya sace, adadin ƙwayoyin Kupffer ya dawo. Amma adadi daban, hali daban. Masu bincike a Beljiyam sun buga wani aiki a 2024 inda suka sa wa ɓeraye T. brucei brucei, suka warkar da su da magani, suka ci gaba da bin hantar. Makonni bayan haka ƙwayoyin Kupffer ba su koma yadda suke ba: wani kaso daga ɓargo ya fito, kuma tsarin kunna ƙwayoyin gadonsu ya sauya. Da aka sa wa waɗannan ɓeraye bakteriya daga baya, sun fi waɗanda ba su taɓa ciwo ba juriya.

Mai lura zai ce wannan ya saɓa wa abin da aka faɗa a amsar himozoyin, inda ɓeraye suka yi rauni a gaban bakteriya. Bai saɓa ba. Can an gwada su ne a lokacin da masu gadin suka mutu gurbi bai cika ba, nan kuwa bayan an cika shi da waɗanda suka ga yaƙi. Farasayit ɗin ma ba ɗaya ba ne. Duk wanda zai kwatanta bincike biyu, ya fara duba ranar da aka auna.

Da waɗanne dabaru ake gano duk wannan, kuma ina ake yawan tuntuɓe?

Ana narkar da hanta da sinadarin kolajines a ƙirga ƙwayoyin da na'ura bisa alamominsu, ana yanka ta siriri a duba a madubin ƙara girma, ana leƙa ta a dabba mai rai da aka sa wa maganin barci, ana kuma karanta ƙwayoyin gadon da kowace ƙwaya ta kunna ɗaya bayan ɗaya. Don a san amfanin ƙwayoyin Kupffer, akan kawar da su a ga abin da zai biyo baya.

Tuntuɓen na nan a kowane mataki. Narkarwa na kashe wasu ƙwayoyin Kupffer, musamman waɗanda cuta ta riga ta jigata, sai a zaci sun ɓace alhali a kwalba suka mutu. Dole a tabbatar da yankan nama. Tsohuwar dabarar kawar da su da maganin kulodironet na kashe makrofej na saifa ma, don haka ba a iya ɗora sakamakon a kan hanta kaɗai. Sannan hanyar sa cutar: yawanci allura ake yi a ciki da jinin wani ɓera, ba cizon ƙwaro ba, kuma an nuna a 2013 cewa P. chabaudi da ya bi ta jikin sauro ya fi sauƙin cuta a kan wanda aka yi ta juyawa daga ɓera zuwa ɓera. Wasu nau'o'in T. brucei da suka daɗe a ɗakin gwaji sun rasa ikon taƙaita yawansu, suna kashe ɓera cikin 'yan kwanaki, kafin hanta ta nuna komai na doguwar jinya.

Nawa daga cikin wannan ya shafi mutum?

Tsarin gaba ɗaya ya shafe shi: hantar mutum na da ƙwayoyin Kupffer, suna cika da himozoyin a maleriya, tabon tsargiya kuma sananne ne a asibiti. Amma bambance-bambancen ba ƙanana ba ne. T. brucei brucei ba ya kama mutum, domin akwai furotin APOL1 a jininmu da ke fasa shi, ɓera kuwa ba shi da shi. Masu kama mutum su ne 'yan'uwansa, T. brucei gambiense da T. brucei rhodesiense. A jinin mutum nutrofil ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyi, a na ɓera limfosayit ne, wato dangin da ƙwayoyin T ke ciki. Ƙwayoyin NKT da suka cika hantar ɓera kaɗan ne a ta mutum. Alamar Clec4F da ake dogara da ita a ɓera ba ta yin wannan aiki a mutum. Ga shi kuma ɓeran gwaji a ɗaki mai tsabta ya tashi, bai taɓa haɗuwa da wata cuta ba, alhali mutumin da ke kamuwa da maleriya ya sha fama da wasu kafin ta, wanda idan aka yi la'akari da amsar bayan magani, yana iya nufin ƙwayoyin hantarsa sun riga sun sauya.

Ba a yanko hantar mai zazzaɓi don bincike kawai, shi ya sa har yanzu ɓera ake komawa. Akwai ɓerayen da ake dasa wa ƙwayoyin hantar mutum, waɗanda P. falciparum ke iya kammala matakinsa na hanta a cikinsu. Sai dai kafin dashen ya kama dole a rushe garkuwar ɓeran, don haka sun fi amfani wajen gwada magani a kan wajen nazarin ƙwayoyin garkuwa.